Tagar da Na Sa Aka Rufe a Hanyar Suleja

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ƙanwata, ana yayyafi. Ko addu'ar bayan salla ban samu na yi a zaune ba, a tsakar gida na ƙarasa ta ina ɗaure bakin buhu. Masu ta nemana a waya suna tambayar inda na shige kwana tara, ga amsarku: Suleja na je zaman jego, na kuma dawo ban yi zaman ba. Har yanzu kaina bai gama warwarewa ba, don haka ku bar ni in kawo muku labarin daki-daki yadda ya faru.

Maijegon ɗiyar wana ce, amma ni na riƙe ta tun tana shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyarta. Ni na kai ta makaranta, ni na kai ta ɗakin miji a Suleja. Haihuwar fari ce, ta kuma zo da gardama: bakwaini ta haifa, mace, aka saka ta a kwalba a asibiti. Tana cikin kwalbar aka raɗa mata suna, kuma sunana aka sa mata. Mijin ya ce in dakata sai an kusa sallamarsu, tunda ba a barin kowa shiga wurin jariran sai uwa. Ranar da ya bugo ya ce Alhamis za a sallame su, a ranar na fara haɗa kaya.

A unguwarmu in an yi haihuwa ni ake kira, ba alfahari ba. Na san gashin cibi, na san kunun kanwa, na san naɗin jariri. Abin da na sani game da mura kuwa guda ɗaya ne, wanda na tashi na tarar: sanyi ke kawo ta. Kada ruwan sama ya doke ka, kada ka sha ruwan firji, kada ka zauna inda iska ke kaɗawa. Tunda wurin bakwaini zan je, sai na ɗau alwashin mura ba za ta kama ni a hanya ba ko da me take yawo. Na sa rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi, na sa safa, na shafe ƙirji da man zafi, na kuma jefa kwalbar man goge hannu a jaka, ragowar ta lokacin korona.

A tasha muka samu ƙaramar bas saura mutum uku. Kuɗin mota kam kada ma a yi maganarsa. Da aka faɗa mini sai da na tambaya ko har da abincin rana a ciki. Ƙanwata mota na juya mata ciki, don haka aka ba ta gaba kusa da direba. Tagar wurin nata ta lalace, gilashin ya maƙale a rabi, ba ya hawa ba ya sauka. Na ce mata ta dawo baya mu matsu, ta ce ita gara sanyi da amai. Na ce to ta ji da shi. Ni na samu layin tsakiya, na zauna na tattare hijabina.

Muna wuce Kaduna ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Nan take na ce a rufe tagogi duka. Wata budurwa da ke gefena, da alama ɗaliba ce, ta ce, "Mama, a ɗan bar kaɗan mana iska ta riƙa shigowa, akwai mai tari a baya." Na juya na dube ta sama da ƙasa. Na ce mata mai tari ai shi ya fi kowa buƙatar a rufe, kuma ni wurin bakwaini zan je, ba zan kai mata sanyi ba saboda wata na jin zafi. Sauran fasinjoji suka goya mini baya, direba ma ya ce Hajiya ta yi gaskiya. Yarinyar ta ciro takunkumi daga jaka ta rufe hanci da baki. A raina na ce ji iyayi, korona da aka manta da ita tun yaushe.

Mai tarin wani dattijo ne a layin ƙarshe, layi biyu tsakanina da shi. Mutumin kirki, duk tarin da ya yi sai ya ce a yi haƙuri, mura ce ta kwana biyu. Har alewa mai yaji na miƙa aka ba shi, sannan na goge hannuna da man nan tas, duk da ban taɓa shi ba. Gaba da Kateri muka faɗa cunkoso, ana gyaran hanya an mai da motoci hannu ɗaya, ga tirela ta lalace a tsakiya. Mun fi awa biyu muna jan ciki. Motar ta ɗau ɗumi, gilasai suka yi gumi har ba a ganin waje sai ka sa hannu ka share. Ni kuwa daɗi nake ji. Ina hango ƙanwata a gaba ruwa na fesa mata a kafaɗa, ina cewa a raina gobe war haka ni zan yi jinyarta.

A Tafa aka tsaya cin abinci. Ruwa ya ɗauke, gari ya yi fes. Masu gasa masara sun jeru a bakin titi, hayaƙi na tashi, ga doya tuli-tuli kowace kamar cinyar ƙato. Na ci sakwara da miyar agushi a rumfar wata mata, na ƙi shan ruwan leda saboda da sanyinsa, sai da aka samo mini shayi. A Sabon Wuse direba ya tsaya sauke buhuna, na hangi matan Gwari da tukwane a gefen hanya. Na sauka na zaɓi kasko mai kyau, baƙi, mai ƙafa uku, wanda zan riƙa zuba garwashi a ɗakin maijego. Matar ta ƙwanƙwasa shi da yatsa don in ji ƙararsa, ta ce ko jikar jaririyar za ta gaje shi.

La'asar sakaliya muka hango dutsen Zuma, rabinsa a cikin gajimare. Duk zuwan da nake yi sai na saki baki ina kallonsa kamar yau na fara gani. Muka sauka a mararraba, muka hau adaidaita zuwa cikin gari. Suleja ta ƙara cika fiye da yadda na bar ta. Inda na sani gona ce duk an yi gidajen haya, kwata ta cika ta malalo kan titi, 'yan acaɓa na ratsa ruwan ba ruwansu da wanda suka fesa wa. Mai adaidaitan ya yi wa wani magana da Hausa, ya zagi wani da Turancin buroka, ya amsa waya da wani yare da ban gane ba, duk a cikin minti biyu.

Gidan nasu babban gida ne mai sassa uku da bishiyar mangwaro a tsakiya. Sashe ɗaya na mijin da matarsa, ɗaya na mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, na ukun kuma wata malamar asibiti ke haya, Bagwariya ce, ana ce mata Sista. Hajiya 'yar asalin garin ce, mace mai tsafta da faɗa. Tunda aka yi auren ba mu taɓa yin ra'ayi ɗaya da ita a kan komai ba, ko a kan gishirin miya. Amma a kan ɗakin maijego bakinmu ya zo ɗaya. Talata da Laraba muka yi muna gyara shi mu biyu. Muka rufe tagogin nan biyu, muka cusa tsumma a duk wata kafa, muka rataya bargo a kan labule, muka sa tabarma a ƙasan ƙofa. Har ramin iska na sama na hau kujera na toshe da kwali. Muka zauna a ciki muna ninke kayan jarirai muna hira, gumi na keto mana, muna yaba wa juna. Ƙanwata kuwa tana can madafi tana fama da ƙauri.

Laraba da yamma na ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Na ce ƙurar kwalin nan ce. Alhamis da safe na tashi hanci na zuba, kai ya yi nauyi, gaɓoɓi na ciwo. Na zauna a bakin katifa ina lissafi. Ruwa bai doke ni ba. Ban sha mai sanyi ba. Safa ko cire ta ban yi ba. Na leƙa tsakar gida, sai ga ƙanwata, wadda ruwa ya jiƙa tun daga Kaduna har Tafa, tana daka yaji tana waƙa, ko atishawa ba ta yi ba. Wallahi sai na ji haushinta ya kama ni.

A nan ne na yi abin da nake jin kunyar faɗa. Na ɓoye. Na dafa citta da kanumfari na sha, na ƙara man zafi, na face hanci a bayan gida inda ba mai ji. Na ce wa kaina mura ce ba wani abu ba, kuma ɗakin da ɗumi, ɗumi kuwa maganinta ne. Gaskiyar magana ita ce sati biyu ina mafarkin ɗaukar yarinyar nan. Kowane jariri da ya shigo hannuna akwai addu'ar da nake karantawa in tofa masa a ka da fuska, haka kakata ta yi mini, haka na yi wa uwarta. Ban ga abin da zai sa takwarata ta shigo gidan ubanta ba tare da tofina ba.

Wajen hantsi suka iso. Na riga na zuba garwashi a kasko na ajiye a ƙuryar ɗaki, na barbaɗa turaren wuta, ɗaki ya yi ɗumi ya turnuƙe da ƙamshi. Maijego ta shigo, ta rame ta yi fari, ta ce, "Gwaggo," sai hawaye. Sista na bayanta riƙe da jaririyar a cikin tawul, don ita ta je ta taya su tahowa. Na miƙa hannu biyu. Na ga ɗan goshinta, na ga yatsun da ba su kai ashana kauri ba. Na fara bisimilla ina tara addu'ar a bakina. Sai atishawa ta taso mini tun daga ƙirji. Allah ya taimake ni na juya na tura fuska cikin hijabi, na yi uku a jere.

Sista ba ta miƙo ta ba. Ta ja da baya har bakin ƙofa, ta ce, "Mama, tun yaushe kike wannan murar?" Na ce turare ne ya shaƙe ni. Ta dube ni kawai. Na ce tun jiya. Ta ce wa maijego ta biyo ta, suka fita da jaririyar zuwa sashenta. Na tsaya da hannuwana a miƙe, ban ma san ban sauke su ba sai da ƙanwata ta taɓa ni.

Da Sista ta dawo, ta sa takunkumi, ta tsaya tana kallon aikin da muka kwana biyu muna yi. Hajiya ta riga ta hau sama. Ta ce, "Ke Sista, mu muka haifi 'ya'ya kafin a haife ki. Bakwaini sanyi ke kashe shi, kowa ya sani." Na zaci za ta musa. Sai ta ce, "Gaskiya ne, Hajiya, sanyi na kashe bakwaini." Na ce to alhamdu lillahi, ashe muna kan hanya. Sai ta ƙara da cewa, "Wannan ɗakin ma zai iya kashe ta." Nan kaina ya ɗaure tamau. A buɗe mutuwa, a rufe mutuwa, to a ina za a ajiye yarinyar?

Ta nuna kaskona ta ce, "Mama, ina kika ajiye turaren?" Na ce ga shi can a ƙurya. Ta ce, "Hayaƙin fa, yana ina?" Na duba. Yana kan gado, yana jikin silin, yana tsakanina da ita. Ta ce in shinshina hijabina. Ta ce ban taɓa kaskon da hijabi ba, amma ga shi ya ɗauka. Haka numfashin mai mura yake, in ji ta, sai dai shi ba a ganinsa kuma ba ya ƙamshi. In mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana ma kawai, ƙwayoyin cutar na fitowa cikin wani ɗan feshi da ido ba ya gani, su tsaya suna yawo a ɗaki. In akwai taga biyu a buɗe iska ta kwashe su ta yi waje. In an toshe ko'ina sai su taru, kowa ya yi ta shaƙa. Ta ce garwashi a rufaffen ɗaki kuma wata masifar ce daban, ko babba yana iya kwanciya ya ƙi tashi.

Na ba ta labarin motar, don in nuna mata ni ban yi sakaci ba. Na ce dattijon nan layi biyu ne tsakaninmu, ban taɓa shi ba, na ma goge hannu. Ta tambaya ko gilasan sun yi gumi. Na ce sosai. Ta ce, "To wannan gumin numfashinku ne, Mama. Awa nawa kuna miƙa wa juna shi." Na ce ita kuma ƙanwata da ruwa ya jiƙa fa? Ta ce wataƙila tagar da ta lalace ce ta cece ta, wataƙila kuma jikinta ne ya fi ƙarfi, ita ba za ta rantse ba. Na ce to goge hannun da aka dame mu da shi a rediyo ashe aikin banza ne? Ta ce a'a, yana da amfani, a ci gaba. Na ce takunkumin fa, wanda muka riƙa ratayawa a haɓa don kada a tare mu a hanya? Ta ce shi ma, amma a hanci da baki. Na ce, "To wai wanne ne a ciki?" Ta ce, "Duka." Fuskar ɗalibar nan ta motar ce kawai ta faɗo mini a rai.

Da hannuna na cire tsummokaran, na sauke bargon, na hau kujera na ɓamɓare kwalin. Aka fitar da kasko, aka buɗe tagogi biyu, aka kunna fanka, aka bar ɗakin har la'asar kafin su dawo cikinsa. Ɗumin da muke nema wa jaririya kuwa, Sista ta sa mata hula da safa, ta kwantar da ita a ƙirjin uwarta fata da fata, ta ɗaure su da zane, ta yafa musu mayafi. Ta ce babu kaskon da ya kai wannan. Aka sa doka: ba mai shiga sai ƙanwata da uban, su ma da takunkumi da wankakken hannu. Ni kuma aka mai da ni wani ɗan ɗaki na bakin ƙofar gida. Na tambayi Sista ko yarinyar ta riga ta shaƙa, tunda ta shigo ɗakin da na yi ta zama a ciki. Ta ce minti biyu ne, da sauƙi, amma sai an ga kwana huɗu ko biyar kafin hankali ya kwanta. Ta lissafa abin da za a lura da shi: numfashi da sauri, ƙirji na lotsawa, ƙin kama nono, zazzaɓi ko jiki ya yi sanyi. In an ga ɗaya, asibiti kai tsaye, ba jiƙo ba tofi.

Kwanakin nan biyar ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Aikina ya koma hura wutar ruwan wanka a tsakar gida da wankin tsumma. Ƙanwata, wadda ko ɗan kyanwa ba ta taɓa yi wa wanka ba, ita ta zama mai kula da jaririya, ni kuma ina tsaye nesa da taga ina ba da umarni ta cikin takunkumi: tallafi wuyan, ba haka ba, a hankali! Ta ce in na ƙara yi mata tsawa za ta sauke labule. Juma'a na fita kemis sayo takunkumi, na ga yadda mutanen garin ke tafiya aiki Abuja a ƙananan motoci, mutum huɗu a baya biyu a gaba, gilasai a rufe saboda yayyafi. A da sai in ce sun yi dabara. Ranar nan kuwa ji na yi kamar in bi su ina ƙwanƙwasa gilashi.

Asabar da safe Hajiya ta fito da hanci ja, muryarta ta dushe. Ita da ko tasha ba ta je ba, ruwa bai taɓa ta ba, laifinta kawai ta zauna da ni a ɗakin da muka toshe. Sista ta miƙa mata takunkumi. Aka shimfiɗa mana tabarma biyu a gindin mangwaro, nesa da juna, tsofaffi biyu an kore mu daga ɗakin jikarmu. Hajiya ta harare ni ta ce, "Tsarabar Zariya ke nan?" Na ce ai ita ta riƙe mini kujera na toshe ramin. Muka yi dariya har tari ya sarƙe mu. Amma in har murar ta kama Hajiya, me zai hana ta kama wadda duk jikinta bai kai damtsena ba? Ranar da rana na ji 'yar siririyar atishawa daga cikin ɗakin. Na ƙwala wa Sista kira, na zauna a kan turmi. Sista ta shiga ta ƙirga numfashinta, ta auna zafin jiki, ta leƙo ta ce lafiya lau, jarirai na atishawa haka nan. Na shiga ɗakina na yi kuka mai isata.

Lahadi aka yi taron suna da aka ɗage. A al'ada mata za su cika ɗakin maijego maƙil, jaririya na yawo daga cinya zuwa cinya, kowa ya sumbace ta ya tofa mata albarka. Wannan karon rumfa aka kafa a tsakar gida, aka ce a nan za a zauna, mai son ganin jaririya ya leƙa ta taga. Ai kuwa aka fara ƙunƙuni. Wata ta ce boko ya yi yawa a gidan nan. Wata daga dangin mijin, da ta taso tun daga Lambata, ta miƙe ta nufi ƙofa tana cewa, "'Yar gwal ce da ba za a taɓa ba? Mu ma mun haihu." Ban san lokacin da na tashi na tare hanya ba, daga nesa, da takunkumina da muryata kamar ta ƙwaɗo. Na ce mata, "Baiwar Allah, ni na raini uwarta, sunana yarinyar ta ci, kuma har yau ban ɗauke ta ba. In kin fi ni kusa da ita, bisimilla." Ta koma ta zauna. Aka ci tuwon shinkafa da waina, aka sha kunu, aka watse kafin magariba, wasu da fushinsu.

Talata kwana biyar suka cika. Yarinya na kama nono, numfashi daidai, Sista ta ce mu gode wa Allah. Ni kuwa tarin bai sake ni ba, ya ma sauka ƙirji. Na kuma lura maijego ba ta iya haƙuri, da ta ga an ɗauke ido sai ta fito ta raɓe kusa da ni wai in duba mata kitso, ko in ɗanɗana kunu. Na san ta, ni na raine ta, ba za ta daina ba. Sai na ce wa ƙanwata ta zauna ta yi arba'in ɗin a madadina, ni zan koma gida. Ba wanda ya kore ni. Na bar wa Hajiya kaskon, ta ce za ta riƙa gasa masara da shi a waje.

Da zan tafi na tsaya taku biyar daga tagar, da jakata a hannu. Maijego ta zo da jaririyar a ƙirji, ta ɗan janye mayafin don in ga fuskar. Na karanta addu'ar tawa tun daga farko har ƙarshe a cikin takunkumi, da na zo wurin tofi sai na tsaya. Na ce, "Ni fa ban san ko ta isa ba, tunda ban tofa ba." Ta yi dariya da hawaye a idonta, ta ce, "Haba Gwaggo. Tarin wani ya tsallake layi biyu ya same ki, addu'arki ce za ta kasa tsallake taga?" Na juya da sauri na fita, don kada ta ga yadda takunkumin ya jiƙe.

A motar dawowa na nemi bakin taga, na sa takunkumi, na buɗe gilashi rabi. Ba mu kai Sabon Wuse ba wata dattijuwa a bayana ta taɓa kafaɗata ta ce, "Hajiya, rufe mana, za ki sa mana mura." Na ce mata murar tana jikina, tagar ce ke raba ta da ita. Ta dube ni irin kallon da na yi wa ɗalibar nan. Na fara yi mata bayanin kasko da turare, na ga ni kaina ina neman rikicewa, sai na ciro sabon takunkumi na miƙa mata, na ba ta rigar sanyina ta yafa. Ta karɓi rigar, ta ƙi takunkumin. Tagar dai ban rufe ba har Zariya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ban ce na gama fahimtarsa ba. Har gobe ba zan sha ruwan firji da damina ba, kada ma wani ya fara. Amma na yarda mura ba daga taga take shigowa ba, daga bakin ɗan'uwanka take fitowa, taga kuwa hanyar fitarta ce. Mai tari ya rufe hanci da baki, ya yi nesa da jariri da tsoho, ko da shi ne ya fi kowa son su. In kuma wata yarinya ta ce muku a ɗan bar iska ta shigo, kada ku dube ta sama da ƙasa.

Na iso gida bayan la'asar, na buɗe tagogin ɗakina, ɗayar sai da na sa wuƙa don ta shekara ba a taɓa ta ba. Maƙwabta suka shigo yi mini sannu da zuwa, na tsayar da su a tsakar gida. Suna ta tambaya, wa ta ɗebo, ta yi gashi, ta fara nauyi a hannu? Na ce musu nauyinta kam ban sani ba. Amma da na baro ta tana numfashi lafiya.